Dawar da Ba Ta Ga Dare Ba

A Gozaki idan ka ce Habila sai an tambaye ka wanne, don sun fi uku. Amma ka ce Habila na Marka, kowa ya san wanda kake nufi: dogo ne, baƙi, mai ɗan ranƙwafawa, wanda idan ka gaishe shi sai ya yi jim kamar yana auna gaisuwar kafin ya amsa. Ba girman kai ba ne, haka Allah ya yi shi. Tun yana saurayi magana take yi masa nauyi, har abokan wasansa suna cewa ko wuta ta kama masa riga sai ya gama shawara da zuciyarsa kafin ya yi ihu.

Gadon da ya samu wajen uwarsa Marka bai cika kwalba ba. Irin dawa ne, ja mai duhu, wanda a gidansu ake kira 'yar Manu, da sunan kakansu na wajen uwa. Manu bai taɓa shiga masallaci ko coci ba, a kan al'adar iyayensa ya rayu har ya mutu, kuma da wannan dawa ake dafa masa giyar bikin kaka. Da 'ya'yansa suka shiga addinin Kirista aka bar giyar, amma dawar ba a bar ta ba. Marka ta ci gaba da shuka ta a gayaunarta, wato 'yar gonar da mace take nomawa ta kanta, kuma duk ranar godiyar kaka damin da take kaiwa coci daban yake, sai mace biyu sun kama. Ana nan masara ta cinye ƙasar. Daga Malumfashi har Funtua duk inda ka waiga masara ce da waken soya, sai wata gajeriyar dawa mai saurin nuna da ake sayo irinta a leda. Ba wanda ya yi niyyar yar da tsohon iri, kowa dai ya ɗauka maƙwabcinsa yana da shi. Kafin a ankara, gayaunar Marka kaɗai ta rage.

Lokacin da ciwo ya ci ƙarfinta, babbar 'yarta Rahab tana gidan miji a ƙasar Bakori, Habila ne a kusa. Ta sa ya ciro mata kwalbar daga rumbu, ta riƙe hannunsa a kanta.

"Kada ka bari ta shekara uku a rufe," ta ce. "Ko kunya ɗaya ce ka kai ta ƙasa, ka girbe, ka sake zubawa. Ka ji ni ko?"

"Na ji, Inna."

Ya kuwa ji. Shekara biyu bayan haka matarsa Uwa ta rasu ta bi surukarta, ba ɗa ba jika, ɗakin ya yi masa girma. Ya ce zai je cirani Abuja, da ruwan farko zai dawo. Ruwan farko ya sauka sau bakwai ba a ga Habila ba, sai in an yi rasuwa ya zo ya kwana ɗaya ya koma. Ya kama ɗaki a Mararaba, kuma Allah ya taimake shi akwai wani kango a bayan gidan, inda yakan ja kunya biyu ya shuka 'yar Manu, ya yi ta faɗa da awakin unguwa har ya girbe abin da zai cika kwalba. A shekara ta biyar mai kangon ya zo da bulo da siminti. Tun daga nan iri ya zauna a ƙarƙashin gado, ƙwari suka samu hanyar shiga, kullum ya zazzage ya tsince sai ya ga ya ragu. Da damina ta uku ta ƙarato, abin da ya rage lafiyayye bai fi cikin tafin hannu ba. Gida kuwa ba ya da wanda zai ba, gonarsu tana hannun 'yan uwan uba, waɗanda suka taɓa karɓar rabin irin suka watsa wa kaji.

Aikinsa a wani babban otal yake, a tsakiyar birni, mai kula da shuke-shuke. Hawa goma sha biyu ne, duk gilashi, idan rana ta faɗa masa sai ka kare ido. Irin su Habila ta ƙofar baya suke shiga, su bi wani siririn lungu mai zafi da ƙaurin girki, su tura wata ƙofa mai nauyi, sai su faɗa wata duniyar. Falon karɓar baƙi ya fi filin kasuwar Gozaki faɗi. Tayil ɗinsa fari ne mai sheƙi, har kana ganin ƙasan haɓarka a ciki. Sama can rufin gilashi ne, an rataye fitilu masu kama da ɗigon ruwa, wasu kuma an binne su a ƙasa suna haska sama, wai don bango ya ji daɗi. Akwai bango guda da ruwa yake gangarowa a jikinsa ba dare ba rana, ba mai sha, ba mai wanka. Sanyi iri ɗaya ne kullum, ko a bazara ko a tsakiyar damina, ga wani ƙamshi da yake fitowa daga inda ba ka gani, ga kiɗa a hankali wanda ba mawaƙi a cikinsa. An jera kujeru masu laushi da suka isa zaman ɗaurin aure, amma da wuya ka ga mutum biyu sun zauna kusa da juna. Kowa da wayarsa.

Abin da ya fi ba Habila mamaki shi ne adon bango. Ƙorai ne aka manna, da faifai, da ludayi, har da wata tsohuwar galma da aka saka a akwatin gilashi aka haska mata fitila. Ranar da ya fara gani ya tsaya ya duba ƙotarta da kyau, ya gane mai ita bahago ne. Ya so ya faɗa wa wani, ya waiga, bai ga wanda zai faɗa wa ba.

Dokar aikinsa gajeriya ce. Ya shiga falo da sassafe, ya ba shuka ruwa, ya goge ganye ɗaya bayan ɗaya, ya fita kafin ƙarfe tara, ya koma lambun waje. Kada ya gaida baƙo sai baƙo ya fara, kada takalminsa ya yi ƙara. Mutumin da ya tashi a garin da ake tsayawa a tambaye ka kwanan kowa har na jakinka, ga shi yana wucewa ta gaban mutum ɗari ba wanda ya ɗaga ido. Da farko abin yana yi masa ciwo, daga baya ya saba, sabon ne ma ya fi ba shi tsoro. Ƙarfe huɗu yake tashi ya kama layin motar Mararaba, ya isa ɗaki, ya dafa abin da zai ci, ya ci shi kaɗai.

A tsakiyar falon akwai wani dogon gurbi da aka gina aka cika da ƙasa, daidai ƙarƙashin rufin gilashi. Shekara da shekaru wasu itatuwan ƙasar waje ne a ciki, masu tsada da saurin fushi. A farkon wannan damina suka bushe gaba ɗaya. Hajiya Hafsatu, manajar da take kula da tsafta da adon otal ɗin, ta sa aka kira shi. Mace ce mai sauri, ba ta da wulaƙanci, ba ta kuma da lokaci.

"Malam Habila, mai otal ya gaji da kayan waje. Ya ce a sa abin gida, dogo, kore, wanda baƙo zai gani ya san Arewa ya zo. Kai manomi ne, me ka gani?"

Habila ya dubi gurbin. Taku goma sha biyu ne a tsawo, uku a faɗi. Ƙasa baƙa mai laushi, ga famfo a gefe, ga rana tana saukowa ta gilashi. Ba akuya, ba tsuntsu, ba ɓarawo, ba mai zuwa da bulo. Murna ta kama shi. Tunda yake bai taɓa ganin gona mai tsaro irin wannan ba.

"Dawa, ranki ya daɗe," ya ce, kuma wannan karon bai yi jim ba.

"Za ta yi kyau?"

"Wadda zan kawo, ba a taɓa ganin irinta a garin nan ba."

Washegari ya zo da kwalbar a aljihu. Bai rage ko ƙwaya ba, don ya san wadda ta ƙara shekara a rufe ta mutu. Ya cire takalmi ya shiga gurbin, ya riƙa sara rami da ɗan yatsa yana jefawa yana rufewa da diddige, yadda Marka take yi. Masu goge tayil suka tsaya suna kallonsa suna dariya ƙasa-ƙasa. Kwana biyar tsiro ya fito, ba duka ba, amma ya fito.

Wannan damina ita ce mafi daɗi da Habila ya yi a Abuja. 'Yar Manu ta samu abin da kakanninta ba su taɓa samu ba, ruwa a kan kari da takin zamani a ma'auni, ta kuwa miƙe. A wata biyu ta wuce kansa. Ganyenta faffaɗa, kore shar, ba ramin tsutsa ko ɗaya. Baƙi suka fara tsayawa. Amare da angwaye suna ɗaukar hoto a gabanta, wani Alhaji mai babbar riga ya ce rabonsa da tsayawa kusa da dawa tun yana firamare, wata mata kuma ta murza ganyen ta tambayi mai karɓar baƙi ko roba ce. Ba wanda ya tambayi wa ya shuka, Habila bai damu ba. Abu ɗaya ne yake ɗan sosa masa rai. Dawa a gona ba ta yin shiru, ko iska kaɗan ta taɓa ta sai ka ji ganye yana gogar ganye. Wannan kuwa tsaye take ƙiƙam, ba motsi, kamar an tsawata mata.

A watan Agusta Rahab ta kira shi. Mijinta ya rasu bara, sai bayan saukar damina ta tattara ta dawo Gozaki, ta karɓi gayaunar uwarsu.

"Habila, bana dai masara na sa, don ita na samu. Amma baɗi 'yar Manu nake so. Tana nan ko?"

"Tana nan, Yaya. Tana ma ƙasa yanzu haka."

"A Abujar? Wa ya ba ka gona?"

"Wuri ne mai kyau. Ko tsuntsu ba ya shiga."

Rahab ta yi dariya har da tafi, yana jin ta. Ta ce za ta faɗa wa 'yan zumuntar mata, don tsofaffin cikinsu kullum sai sun yi mata zancen tuwon Marka. Ta ce ya zo da Kirsimeti, ya zo da irin, ya kuma zo da niyyar zama, ya isa haka. Ya ce to. Bayan ta kashe waya ya daɗe zaune a bakin gado yana murmushi shi kaɗai.

Satumba ta wuce. A lissafinsa, ƙarshen watan ya kamata dawar ta yi ciki, wato saman karan ya kumbura alamar kai yana tafe. Kullum da safe sai ya hau tsanin goge gilashi ya matsa saman karan da yatsu biyu. Ba komai, sai sabon ganye a naɗe. Ya ce ƙila sanyin wurin ne ya sa ta nawa. Oktoba ta shiga. Daga tagar mota yana ganin dawar da mutane suka shuka a bakin titi ta fitar da kai, wata har ta fara ja. Tasa kuwa sai ƙara tsawo take, ta kusa ninka shi biyu, an ma ɗaura mata siraran igiyoyi don kada ta kwanta. Ya rage mata ruwa, ya daina taki, ya yi addu'a a tsaye a gabanta da bokiti a hannu. Abinci ya daina yi masa daɗi. In Rahab ta kira sai ya bar wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

Mutum ɗaya ne a otal ɗin za a iya cewa abokinsa ne, shi ma abotar ba ta wuce cin abincin rana a benci ɗaya ba. Shitu sunansa, dattijo ne mutumin Musawa, mai gadin ƙofar baya, wani mako da rana wani mako da dare. Ran nan suna zaune a inuwar ɗakin janareta, Shitu ya ga Habila yana juya cokali a kwano bai kai baki ba.

"Malam Habila, mi ya faru? Ko dawar taka ce?"

"Ta ƙi yin ciki."

Shitu ya tauna, ya haɗiye.

"A garinmu akwai gonar ƙanena, kusa da ƙarfen sabis ɗin waya. Da suka sa wata babbar fitila mai kwana a kunne, duk kunyar da hasken ke kaiwa sai ta yi ta tsawo, ta bar 'yan uwanta su nuna ita ba ta ko fara ba. Tsohuwar dawa sai ta ji dare ya fara tsawo take sanin kaka ta zo. To taka ina ta ga dare?"

Habila ya ajiye cokali.

"Ba a kashe wutar falo in an kwanta?"

"A kashe?" Shitu ya dube shi da tausayi. "Shekarata tara a nan, ban taɓa ganin falon nan da duhu ba, ko na ƙiftawar ido. In wuta ta ɗauke, kafin ka ce Bisimilla janareta ya karɓa. Fitilun da ke saman dawarka ma sun fi kowanne haske."

Shekara bakwai Habila yana aiki a gidan, bai taɓa kaiwa magariba a cikinsa ba. A tunaninsa gidan kwana ne, kuma duk gidan da mutane suke kwana, in an gama hira ana kashe fitila. Bai taɓa kawo wa ransa cewa wannan abin tambaya ba ne. Ya ji kunya ta rufe shi, kunyar manomin da ya duba ƙasa, ya duba ruwa, ya duba rana, ya manta da dare.

Kwana biyu yana tattara maganar da zai faɗa, a na uku ya tsaya a ƙofar ofishin Hajiya Hafsatu da hularsa a hannu. Ya yi mata bayani tun daga Manu har zuwa Rahab, bai taɓa yin magana mai tsawon haka a otal ɗin ba. Ta ajiye biro ta saurare shi har ƙarshe.

"Wata ɗaya kawai, ranki ya daɗe. In an yi isha'i a kashe na samanta, da asuba a kunna. Ko a bar ni in riƙa rufe ta da tamfol."

"Tamfol a falo, Malam Habila?" Ta girgiza kai, amma ba da faɗa ba. "Wallahi na ji maganarka. Ni ma kakata a ƙauye take. Amma wutar nan ba a hannuna take ba. Wanda ya zana ginin haka ya tsara, mai otal kuma yana so duk wanda ya wuce a titi, ko ƙarfe nawa ne, ya hango falon yana haske. Jirage suna sauka da baƙi a kowane lokaci. Ko na kashe na samanta, sauran fa? Wurin duk gilashi ne da tayil, haske ta ko'ina yake zuwa."

"Haka ne."

"Kuma gaskiya, yadda take ɗin nan suka fi so. In ta yi kai za ta fara bushewa, ta zubar da ƙaiƙayi, baƙi su yi ta atishawa." Ta duba takardar gabanta. "Litinin ta farko a Disamba za a cire ta, a sa adon Kirsimeti. Kai zan sa ka cire da hannunka, ba zan bari wani ya taɓa maka ba. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Ya yi godiya ya fita. A lungun baya ya tsaya ya jingina da bango.

A mota, a hanyar komawa, dabara ta zo masa. Gyauro. Dawa in an sare ta ba ta mutu ba, muddin tushiyarta, gindin karan da saiwarsa, tana cikin ƙasa mai laima, sai ta sake tsiro. Ya sha gani a fadama, bayan girbi sabon kara ya fito har ya yi ɗan ƙaramin kai. To shi ma ɗan ƙaramin kai yake nema. In ya sare ta ran Litinin, ya haƙo tushiyoyin da ƙasarsu, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya kama motar Funtua a ranar, kafin su bushe ya dasa su a bakin rijiyar gidansu. A Gozaki dare ba ya tsada. Ko biyar suka kama a ciki, iri ya tsira.

Ya sayi buhuna uku ya ɓoye a ɗakin ajiyar kayan aiki. Ya wasa lauje. Ya nemi hutun Kirsimeti da wuri aka ba shi. Abin da bai yi ba shi ne faɗa wa kowa. Doka ce ba a fita da ko tsinke daga otal sai da takarda, yana tsoron in ya nema da wuri a kai maganar sama a ce a'a. Ya ce gara ranar, in Hajiya ta ga tarkace ne za a zubar, ba za ta hana shi ba. Ko Shitu, da suke zama benci ɗaya, sau biyu ya buɗe baki zai gaya masa, ya ga kamar in ya faɗa abin zai lalace, ya mayar da maganar ciki.

Ran Lahadi ba ya aiki. Ya je coci, ya yi waƙa da ƙarfi har na kusa da shi ya waigo. Ran Litinin tun kafin gari ya gama wayewa ya tura ƙofar nan mai nauyi, lauje a hannu, buhuna a kafaɗa.

Gurbin a shafe yake. An zuba masa farar tsakuwa, a tsakiya an kafa wata doguwar bishiyar roba mai ƙananan fitilu ja da shuɗi suna ƙiftawa, an jera akwatunan kyauta a gindinta, waɗanda ba komai a cikinsu. Ruwa yana gangara a bango, kiɗa yana tashi a hankali. Wata mai goge tayil ta ce masa ai an matso da wani babban taro, shi ya sa masu ado suka zo jiya, Hajiya ma ba ta nan.

Bai san lokacin da ya isa ƙofar baya ba. Shitu yana ganinsa ya taso da fara'a.

"Kwantar da hankalinka, ban bari sun tafi da ita ba. Zo ka gani."

Ya ja shi bayan ɗakin janareta. Ga karan nan an jingine a bango, an gyara shi tsaf, an ɗaure da igiya wuri uku, ɗaurin mutumin da ya san aiki.

"Da suka sare na ce wallahi wannan kara ba zai tafi juji ba, mai shi yana so. Na roƙi babbansu, har takardar fita na sa ya rubuta maka. Ka ga kaurinsa? Ko darni ka yi da shi ya shekara uku."

"Tushiyar fa?" in ji Habila.

"Tushiya? Ai da ƙasar duka suka kwashe, motar shara ta tafi da ita tun jiya da hantsi. Mi za ka yi da..."

Shitu bai ƙarasa ba. Ya dubi buhunan da ke kafaɗar Habila, ya dubi laujen, fara'ar ta bar fuskarsa.

"Gyauro," ya ce a hankali. "Inna lillahi. Malam Habila, don mi ba ka faɗa mini ba? Ina tsaye aka loda ta. Da hannuna na buɗe masu ƙofa."

Habila ya ajiye buhunan ya fita. Ya bi sawun motar har babban jujin bayan gari, ya yini yana tona tsibin shara da sanda a cikin rana da ƙuda, masu tsince-tsince suna tambayarsa ko zinariya ya yar. Bai samu ko saiwa ɗaya ba.

Da ya dawo ya ɗauki damin karan, don bai ga yadda zai bar shi a gaban Shitu ba. Washegari a tasha direba ya yi masa tsiya kafin ya yarda a ɗaure a saman mota. Suka bi Kaduna, suka bi Zariya, suka shiga ƙasar Funtua, inda gonaki hagu da dama an gama girbi, kara zube ko'ina ba mai ɗauka. A Malumfashi ɗan acaɓa ya dubi kayan ya dube shi.

"Baba, daga Abuja ka ɗauko kara za ka kai Gozaki?"

"Ɗaura mu tafi," in ji Habila.

La'asar sakaliya suka isa. Rahab tana tsakar gida da tsofaffi biyu 'yan zumunta, suna ɓarar gyaɗa. Da ta hango dogon dami yana shigowa ta zaure ta miƙe ta rangaɗa guɗa, tsofaffin suka taya ta. Ta taimaka masa ya sauke, ta durƙusa ta kwance igiyar da kanta, tana cewa kai, wannan tsawo haka, ko a hannun Inna ba ta taɓa yin irinsa ba. Ta bi kara na farko da hannu har ƙarshensa, ta buɗe busasshen ganyen da ke naɗe a sama. Ta ajiye shi, ta ɗauki na biyu. Tsofaffin suka daina guɗa. Habila yana tsaye, ya so ya ce mata ta bari, ita kuma ba ta bari ba sai da ta duba su duka, har na ƙarshe.

Ta ɗago ta dube shi.

"Ka rage ko kaɗan a kwalba?"

"A'a, Yaya."

Ta daɗe tana kallon karan. Sannan ta tattara shi, ta ɗaure yadda ta same shi, ta kinkima ita kaɗai ta kai ɗakin Marka, ta jingine a bango ta ja ƙofa. Da ta fito idonta ya yi ja.

"Zauna," ta ce. "Bari in kawo maka ruwa."